Yadda na rabu da tarin gem ɗina na shekara tara, na bar guda biyar

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta labarin nan amma sai in fara in goge, saboda da ka ce ma mutum gem ya zame maka matsala sai ya yi dariya yace ai abin yara ne. To ni a wajena ba abin dariya bane, ya ci mani kuɗi, ya ci mani barci da sallar asuba cikin jam'i, har ya kusa taɓa mani zumunci. Kuma abin mamakin ba buga gem ɗin ne ya yi mani illa ba kamar tara shi.

Ni haifaffen birnin Katsina ne, wajen Ƙofar Marusa na tashi. Gem na farko da na fara gani da idona irin wanda muke ce ma famili gem ne, mai katrij rawaya da ake rubuta ma lambobi rututu a jiki wai wasa dubu nawa ne a ciki, in ka kunna ka iske 'yan ƙwarori ne ake ta maimaitawa, Mario da Contra da na tanki da wanda ake harbin agwagwa da bindigar roba. Na ɗan maƙwabtanmu ne, kuma ba kowa yake bari ya shiga ba, mu ta taga muke leƙe. Babanmu Allah ya jiƙan shi hatsi yake saidawa, mutum ne mai rufin asiri amma ba wanda zaka tunkara da maganar kuɗin gem ba, ko da wasa.

Da muka shiga sakandare sai aka buɗe gidan gem a bayan layinmu. Shago ne ɗan ƙarami da labule a ƙofa, benci biyu, talabijin ukku masu ƙeya, da ƙaramin janareto yana ta ihu a waje. PS1 aka fara da ita, wato injin gem na PlayStation na farko, da gem ɗin ƙwallo Winning Eleven, kowa sai ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya maida shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot. Daga baya PS2 ta shigo, da gem ɗin ƙwallo PES 6 da ya fito 2006, wanda duk ya buga shi ya san Adriano na Inter Milan, in ya saki ƙwallo da ƙafar hagu gola sai dai ya bi ta da kallo. Tsarin gidan shi ne wanda aka ci shi zai biya kuma ya tashi. Ni kuɗin tara nake tarawa in ƙi cin komai a makaranta dan in samu wasa biyu da yamma, in an ci ni shikenan sai in koma bakin ƙofa in tsaya. Wani lokaci mai shagon in zafi ya dame shi sai yace 'yan kallo a ba mu iska, a kore mu waje. Ban taɓa riƙe shi a rai ba, sana'ar shi yake, amma na tuna wata rana da na tsaya a rana ina jin ihun gol daga ciki, na ce ma kaina in Allah ya ba ni kuɗi duk faifan da ke cikin shagon nan sai na mallake su, har da wanda babu.

A nan ne kuma na samu aminina. Ajinmu ɗaya, shi ma ba wani mai hali ba, sai muka haɗa kuɗi wata da watanni muka sayi memori kad na PS2, ɗan baƙin nan mai 8MB, saboda in ka yi sebin, wato ka aje inda ka tsaya, a na shago gobe ka iske wani ya goge. Muka fara Master League, inda kake riƙe kulob kana gina shi kaka bayan kaka, da su Castolo da Minanda, 'yan wasan da ake ba ka tun farko waɗanda ko gudu basu iya ba, muna lallaɓawa muna sayen ɗan wasa ɗaya ɗaya. Kad ɗin sati guda a wajena sati guda a wajen shi, shi ke buga rabin farko ni in buga na biyu. A 2010 ya rasu, haɗarin mota a hanyar Kano. Satin kad ɗin na wajena. Allah ya jiƙan shi ya sa ya huta.

Bayan na gama makaranta na koyi gyaran waya, na samu tebur a bakin wani shago, Allah ya sa ma abin albarka. 2014 na sayi PS2 ɗina ta farko, 'yar Kwatano, a lokacin duniya har ta wuce wajen dan PS4 ta fito tun 2013, amma ni wallahi ranar kamar an ba ni kujerar Makka. Da a nan na tsaya da lafiya lau. Sai na fara sayen faifai. Duk Juma'a in na tashi sai na biya na sayi biyu ko ukku, in na je Kano saro kayan gyara a Farm Centre sai na ware wani abu na gem, in dawo da leda cike. GTA San Andreas da Vice City, God of War na ɗaya da na biyu, Resident Evil 4, Mortal Kombat kala kala, har da waɗanda rubutun Japan ne a jiki ban san ma mi ake cewa ba, kawai hoton bangon ya burge ni. 2016 PS3, sai PSP ƙarama ta riƙewa a hannu, sai wani ya kawo mani Sega Mega Drive tsohuwa yace zai yar nace a'a kawo, sai na bi na nemo irin famili gem ɗin da nake leƙe ta taga ina yaro, har guda biyu. 2019 na ɗauki adashe na sayi PS4.

Wannan adashen shi ne abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. Kwana huɗu da sayen, yayata ta aiko ɗanta wai in ranta mata kuɗi za ta biya ma yara na makaranta kafin mijinta ya dawo daga tafiya. Nace babu, kuma gaskiya babu ɗin, amma yaron ya ga sabon kwali a ɗakina. Bata taɓa yi mani maganar ba, ko sau ɗaya, sai dai ta kusa shekara bata sake tambayata komai ba, kuma duk wanda ya san zaman 'yan uwa ya san wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Lokacin korona a 2020 abin ya ƙara lalacewa, ana zaune gida ba aiki sosai. Na sayi had dis mai tera biyu na kai ana loda mani, na cika shi taf, wayata ma haka, PUBG da Call of Duty da Free Fire da Dream League da PPSSPP, manhajar buga gem ɗin PSP a waya, da wasanni fal a ciki. Ga abin da mutane basu gane ba, yawan nan bai ƙara mani jin daɗi ba ko kaɗan. A kawo wuta ƙarfe tara na dare, in kunna, in zauna ina ta gangarawa ina hawa cikin jerin sunaye, in buɗe wannan minti goma in ce a'a, in buɗe wancan yace sai an yi ofdet, in koma wani in iske na manta inda na tsaya da yadda ake danna madannan, kafin in tsaida shawara an ɗauke wuta. Sai in kwanta da haushi, in ɗauki waya in shiga kallon bidiyon wani sabon gem da ban da shi, in ji ai wannan ne in na samu zan ji daɗi. Ina yaro da wasa biyu a rana ina kwana ina mafarkin su, yanzu ga ɗaruruwa kuma zuciyata a bushe.

Ɗakina a gidanmu kuwa ya koma sito. Kwalaye a ƙarƙashin gado, buhun Gana mas go biyu cike da wayoyi da caja da adafta da fad, wato abin riƙewa a buga gem, da suka mutu, saman wadrob duk injina ne an lulluɓe da tsohon zani. Inna in ta leƙo sai tace kai wannan tarkacen naka yaushe za ka rage, in ce Inna ai dukiya ce, watarana za su yi tsada. Haka nake faɗa ma kaina.

Abubuwa ukku ne suka haɗu a 2023. Na farko cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da muke saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tada janareto dan a buga gem ya zama abin da sai ka yi lissafi. Na biyu an sa mani rana, biki a Disamba, na kama haya ciki da falo wajen Ƙofar Ƙaura, kuma kowa ya san in dangin amarya suka zo jere ba inda za a ce a aje kwalin gem, gado da kujeru da kayan kicin ma da ƙyar za su shiga. Na ukku shi ne ya fi tsaya mani. Wannan ɗan yayar tawa, lokacin ya kai shekara sha ukku, ya zo yana taya ni share ɗaki yana ta jujjuya faifai, sai yace Kawu duk waɗannan ka gama su? Nace a'a. Yace to guda nawa ka gama? Na buɗe baki ban da amsa. Da daddare na zauna na ƙirga, faifai 214 banda na cikin had dis, waɗanda na kai ƙarshen su guda 17. Akwai sama da sittin da ko sau ɗaya ban taɓa sa su cikin inji ba.

A kwanakin ne YouTube ya riƙa kawo mani bidiyon Turawa masu abin da suke kira minimalizim, wato mutum ya rage kayan shi ya bar iya abin da yake amfani da shi. Na kalli kaɗan, wasu sun yi magana mai ma'ana, wasu kuma na ga abin ya koma masu ado, ɗaki fari fes da kujera ɗaya mai tsadar gaske. Ni ba su suka motsa ni ba. Abin da ya motsa ni tunawa da ranar da aka raba gadon Baba, kayan sawar shi duka akwati ɗaya ne na ƙarfe, sai rediyo da Alƙur'ani da buta da darduma, cikin awa guda an gama, kuma mutumin nan ya ciyar da mu tara bai taɓa kwana da bashin kowa ba. Na tambayi kaina in yau na faɗi na mutu wa zai zauna ya warware buhun wayoyin nan, Inna? Kuma tun muna Islamiyya an karantar da mu hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa wadata ba yawan kaya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Na haddace shi tun ina yaro, amma sai ina da shekara talatin da ɗaya ya shige ni.

Wata Lahadi cikin Oktoba na shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida na fiddo komai. Komai. Inna ta fito ta riƙe baki, ƙannena suka zagaye. Nan na ga abin da ajiya ta yi ma dukiyar tawa. Gara ta ci gindin kwali biyu ta bi bangon faifan, kyankyasai sun yi gida cikin PS3 saboda suna son ɗumi da duhu, batirin PSP ya kumbura har ya ture murfin, robar fad ta narke tana danƙo, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta shige ko ina. PS2 ɗaya daga cikin biyun da nake da su idonta ya mutu bata karanta faifai. Injin lantarki ba zinari bane, in ka aje shi a ɗakin da ke zafi kamar tanda a watan Afrilu lalacewa yake ko ka taɓa ko baka taɓa ba, ni mai gyaran waya ya kamata in fi kowa sani.

Tambaya biyu na riƙa yi ma kowane abu in na ɗaga shi. Na taɓa shi cikin shekarar nan? In an kawo wuta yau da daddare shi zan kunna? In duka a'a ne sai ya tafi. Da farko na so in yi ma kaina wayo, na ware wani tsibi na wai sai na yi tunani, kafin la'asar tsibin ya fi sauran girma, sai na gane in na bar shi to ban yi komai ba, na rushe shi na sake bi ɗaya bayan ɗaya. Wasu da na ɗaga sai in ji ba wasan nake so ba, ranar da na saye shi nake tunawa, ko wanda muka buga tare. Irin waɗannan sai in ɗauki hoton su a waya in aje su gefen masu tafiya.

Maganar za su yi tsada kuwa, nan na sha ruwan sanyi. Mafi yawan faifan PS2 ɗina kwafi ne, ba mai sayen su ko a naira hamsin, dan yanzu masu PS2 a filash suke loda wasa su buga ba ruwan su da faifai. Orijinal ɗin ne kawai suka yi ɗan daraja, na PS4 da wasu na PS3. Na sa a status na WhatsApp da Facebook, wasu suka saya, wasu suka yi ta tayin wulaƙanci, sauran na haɗa na kai Kano na saida a dunƙule. Abin da na samu gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na kashe ba, na lissafa na ji zafi sosai, amma kuɗin ya cika mani na haya kuma na sayi ƙaramin batir da fanel na sola da ke ɗaukar fanka da fitila da talabijin. Buhun wayoyi da matattun fad 'yan gwangwan na ba, suka auna suka ba ni abin da na sayi ma ƙannena awara.

Kafin in taɓa ko sisi daga kuɗin na ware daidai abin da yayata ta nema a 2019 na kai mata gida. Tace na mi? Nace Yaya na wancan lokacin ne, ki yafe mani. Ta yi shiru, sai tace ai ni na manta, amma idonta ya kawo ruwa, nawa ma haka. Ta karɓa ta sa mani albarka.

Kyauta ma sai da na yi tunani. Famili gem ɗin biyu da Sega na ba yaran gidanmu da na maƙwabta, Mario da Sonic ba abin da za su koya ma yaro sai haƙuri. Amma GTA da Mortal Kombat ban ba yaro ko ɗaya ba, kuma ina roƙon iyaye da yayye su riƙa duba lambar da ke jikin bango, in an rubuta 18 to da dalili, akwai zagi da tsiraici da zubar da jini da mu kanmu da muka buga muna yara bai kamata a bar mu ba. PS2 mai lafiyar na kai ma wani yaro matashi da ke da gidan gem a tsohuwar unguwarmu, ba wancan shagon ba, wancan ya daɗe da zama shagon cajin waya. Nace na ba ka kyauta amma da sharaɗi, duk ranar Juma'a bayan la'asar wannan injin na yaran da ba su da kuɗi ne, kowa wasa ɗaya, kar a kore su. Ya amince, kuma ina bibiya, yana cikawa.

Had dis ɗin shi ya fi ba ni wahala duk da baya cin waje, saboda zuciya na cewa ai wannan ba ya tare ma kowa hanya. Amma shi ne ainihin mai cinye mani dare. Na goge shi tas na zuba hotunan biki da karatuttuka. Waya ma na bar Dream League kaɗai.

Abin da ya bi ni sabon gida PS4 ne da fad biyu da faifai biyar. FIFA 23, wanda shi ne na ƙarshe da ya fito da sunan FIFA kafin kamfanin da ke yin shi ya koma sunan EA Sports FC, sai God of War na 2018, Uncharted 4, Red Dead Redemption 2, da Crash Team Racing na tseren mota saboda yara in sun zo. Duka sun shige dirowa ɗaya ƙarƙashin talabijin. Na sa ma kaina doka, sabo baya shigowa sai ɗaya ya fita, kuma bana fara wani sai na gama wanda nake kai. Red Dead ɗin nan tun 2019 yake wajena ban wuce farkon shi ba inda ake ta fama cikin ƙanƙara, amma bayan biki na zauna mashi awa ɗaya awa ɗaya bayan isha'i, wata huɗu na kai ƙarshe, kuma na ji abin da na daɗe ban ji ba, irin na lokacin benci da labule. Madam da farko kallo kawai take tana tambaya wai wannan dokin naka baya gajiya, yanzu ita ke cin kowa a tseren Crash, har ɗan yayata in ya zo ran Asabar sai yace Anti a sassauta mana.

Ba zan ce sha'awar ta mutu ba. PS5 tun Nuwamba 2020 take kasuwa, kuma duk wata sai wani ya sa ta a status yace ta hannu ce mai tsabta, in tsaya ina kallo hannuna na ƙaiƙayi. Sau ɗaya har na tambayi kuɗi. Sai na tashi na buɗe dirowa na ga Uncharted ban gama ba, na rufe hirar.

Abu biyu ne ban saida ba ban bayar ba kuma basu cikin lissafin biyar ɗin, memori kad ɗin nan da faifan PES 6 da muke bugawa. Suna cikin ambulan tare da takarduna. Shekara goma sha ukku ban taɓa yarda na sa kad ɗin a inji ba, ko lokacin da nake da PS2 biyu a ɗaki, tsoro nake kar in iske ya goge, ko kuma in iske bai goge ba. Wata Juma'a bayan bikina da sati ukku na sa su aljihu na tafi gidan gem ɗin yaron nan, na jira yara suka gama layin su, ana gab da magariba nace ara mani injin minti goma. Faifan ya daɗe yana juyi har na cire rai, sai ya tashi. Na shiga Master League, sebin ɗinmu na nan, sunan kulob ɗin da shi ya raɗa, muna na biyu a tebur, saura wasa huɗu kaka ta ƙare. Wani yaro ƙarami da bai samu layi ba yana tsaye bakin ƙofa yana leƙe, na kira shi na miƙa mashi fad nace kai za ka buga rabin farko ni in buga na biyu. Aka tashi 1-1. Da ya tambaye ni ko a yi sebin nace a'a, na zare kad ɗin na maida ambulan, muka fita alwala.